Kafin Inabin Ya Nuna

Ni ba mutum ne da ake yi wa dariya a gaban idonsa ya yi shiru ba, duk Tungar Marke an san da haka. Shi ya sa ranar da na dawo daga cirani a Kudan da 'yan sandunan inabi ƙunshe a jiƙaƙƙen buhu, ba wanda ya ce min uffan. Sai da na ba da baya aka fara. Wai Mu'awiya ya je har ƙasar Zazzau ya sayo tsinken sakace zai dasa a fadama. Na ji, na kuma san bakin da ya fara faɗa, amma na bar su.

Inabi ba shuka ba ce, jaraba ce. Na sayar da bijimaina na huɗa na sayi waya da dirkoki na kafa masa rumfa a gonata da ke yammacin gari, don shi ba ya zaman ƙasa, sai ya hau sama ya shimfiɗe. Shekarar farko ganye. Ta biyu ganye. Ta uku ya ɗan fito da 'ya'ya, tsuntsaye suka riga ni. Kuma sai ka yi masa aski, wato ka sassare rassan da ka sha wahalar rainonsu, ka tsige ganyen tas, ka bar shi kamar ya mutu, sannan zai tofo da fure. Ranar da na fara yi masa askin nan, Asiya matata ta kawo min fura, ta ga rumfa fayau, ta ajiye ƙwarya ta ce, "Baban Zulai, in wani abu na damunka ka hwaɗa mani." Ta ɗauka na zautu.

Sai a shekara ta huɗu Allah ya dube ni. 'Ya'ya suka sauko daga rumfa curi-curi, har sai na duƙa in zan wuce. Na bi gida-gida na roƙi tsofaffin gidajen sauro na lulluɓe su saboda tsuntsaye. A lokacin ne aka hana sayar da fetur a jarka saboda 'yan bindiga, injin ban ruwana ya zama kayan ado. Muka koma guga. Ni a bakin rijiya, Asiya da bokiti, tun hantsi har rana ta take, mu huta, mu koma da la'asar. Tafin hannuna ya tsage ya warke ya sake tsagewa. Ban damu ba, domin inabin ya fara sauya launi, nan kore, can ja-ja, alamar saura 'yan makonni zaƙi ya shiga. Wannan girbin shi ne komai nawa. Ba ni da sa, ba ni da babur, ba ni da wata gonar. In ya nuna na tsaya da ƙafata, in bai nuna ba sai dai in kwashi iyali mu bi sahun 'yan gudun hijirar da ke kwana a makarantun Kaura.

Wata Asabar ce, bayan azahar, muna gida cin abinci. Su mutanen daji suka turo baburansu a kashe ta cikin rafi, suka shigar da su ƙarƙashin rumfata, suka zauna a inuwa suna jira. Masu gadi a kan tudun gari ba su ga komai ba sai ganye. Da Isah ɗan Baffa Lado ya koro shanunsu zai shayar, suka fito masa. Baffa Lado Bafillace ne, maƙwabcinmu tun kakanni, shi yake ba ni takin shanu ina ba shi harawa. Isah kuwa saurayi ne mai kunya, ko gaishe ka zai yi sai ya cire takalmi. Ya ƙi sakin shanun, suka harbe shi, suka kora garken suka yi yamma. Ni na ɗauko shi da hannuna daga bakin gonata.

Bayan sadakar uku mai gari ya tara mu a ƙofar gidansa. Jelani, shugaban 'yan sintirin gari, shi ya yi magana. Ya ce an gama shawara: za a haƙa rami a zagaye garin, kuma duk abin da ya wuce ƙugun mutum a yamma za a sare shi, don mai gadi ya riƙa hangen rafi. Ramin ta tsakiyar gonata zai bi. Ranar Juma'a bayan an sauko za a fara, da rumfata za a fara.

Na miƙe ban san na miƙe ba.

"Ranka shi daɗe," na ce wa mai gari, "rumhwa ta yi harbi? Inabi ya riƙe bindiga? Ku da kunka kwana bisa tudu da rana tsaka, ba ku ga babura ba, yanzu itace za ku hukunta?"

"Mu'awiya, zauna," in ji mai gari.

"Ba ni zama! Shekara huɗu ina wahala, bana har da jan guga, wa ya taɓa kama mani? Ban ce kada a sare ba. Ku ba ni lokaci ya nuna, in girbe, ni da kaina zan ba ku gatari. 'Yan makonni na roƙa, ba shekara ba."

Jelani bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya ce, "In sunka dawo cikin makonnin nan naka, ɗiyan wa za mu ba su? Naka ko nawa?"

Sai na zage shi. Na zagi kakansa ma, wanda ban taɓa gani ba. Aka rirriƙe ni, aka fitar da ni daga taron, hulata ta faɗi ba wanda ya ɗauko min.

Na wuce gona na zauna a ƙarƙashin rumfar. Sawun tayoyinsu na nan a ƙasa, har da kwalayen sigarinsu. Sun ma tsinki curi ɗaya sun ɗanɗana sun tofar. Na ɗaga kai na ga abin da na raina yana lilo a kaina, na ji kamar in kurma ihu. Ina jin haushin Jelani, ina jin haushin mai gari, kuma can ƙasan zuciyata na san ba ƙarya suka yi ba. Wannan shi ya fi ci min rai.

Asiya ce ta same ni a wurin. Ta tsuguna nesa kaɗan, ta bari na gama huci.

"Baban Zulai, zagi ba shi tsai da gatari," ta ce. "Mutum guda garin ga ke jin kunya yanzu. In Baffa Lado ya ce a jira, wa ka iya cewa a'a?"

"Ke kina da hankali? In tahi wurin mutumin da anka kashe ma ɗa a gonata, in ce mai mi? Ka taya ni ceton inabi?"

"To zauna nan har Juma'a," ta ce, ta tashi ta ɗauki bokitinta.

Na tsani ranar da Asiya ta fi ni gaskiya, kuma ranakun suna da yawa. Matsalar ita ce Baffa Lado ba ya gari. Tun bayan sadaka ya kwashi iyalinsa ya koma wurin dangin matarsa a Jangeru, can wajen Shinkafi. Ga layin waya an katse a duk jihar, wayoyinmu sun koma fitila. Sai dai ƙafa. Washegari na sa Asiya a gaba na ce ta ci gaba da ban ruwa da safe, kada a cire gidajen sauro, kuma kada kowa ya taɓa ko ƙwaya ɗaya har in dawo. Na maimaita mata har ta ce ta ji, ita ba kurma ba ce.

Na isa Kaura da hantsi. A can Yaya Sufyanu yake, wana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya yi min kaciya, ya yi min aure. Sana'arsa sayar da mangwaro da ayaba a kasuwa, tun ina yaro. Na so in biya in gaishe shi, amma aka ce motocin Shinkafi sun haɗu za su tashi tare da rakiya, in na rasa su sai wata ranar. Na ce in na dawo na biya, na faɗa bayan wata a-kori-kura tsakanin buhunan gishiri.

Wannan hanya kada Allah ya maimaita. Ba mai magana a mota. Kowa idonsa na kan daji. In direba ya taka birki sai ka ji salati ya tashi, in ya saki sai a yi shiru. Muka wuce ƙauyuka babu ko kaza, gero ya bushe a tsaye ba mai yanka. Wata tsohuwa kusa da ni ta riƙe hannun rigata tun daga Kaura, ba ta san ni ba, ba ta kuma saki ba sai da muka ga rufin kwanon Shinkafi. Daga nan na sami mai babur ya ƙarasa da ni.

Na tarar da Baffa Lado a bayan gidan surukansa, zaune a kan turmi, yana tufka igiya. Mutumin da ba shi da ko maraƙi yanzu, igiyar me yake tufkawa? Ban tambaya ba. Na tsuguna na yi masa gaisuwa, ya amsa. Duk maganar da na shirya a mota ta gudu. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har na yi niyyar in ce gaisuwa ce kawai ta kawo ni in tashi.

"Ba gaisuwa ta kawo ka ba, Mu'awiya," ya ce. "Ka yi mani gaisuwa a gida. Mi ya hwaru?"

Na faɗa masa. Ban ƙawata ba. Na ce za a sare ranar Juma'a, na ce saura kaɗan ya nuna, na ce ba ni da kowa ba ni da komai sai shi, kuma na san bai kamata in zo ba. Ina cikin magana muryata ta karye, ni da ake tsoron bakina a gari. Ya ci gaba da tufkarsa har na ɗauka bai ji ba.

Can ya ce, "Isah ya ce mani in abin nan naka ya nuna, zai sayi curi guda ya kai ma uwatai. Ba ta taɓa ci ba. Kullum sai ya leƙa ya dawo ya ce, Baffa, ya kusa."

Ban iya ɗaga kai ba.

"Itace bai kashe mani ɗa ba," ya ce. "Mutane sunka kashe shi. A sare, na yarda, amma a bari a girbe. In sun ji tsoro a sa masu gadi ƙarƙashin rumhwar kanta, ni ma sai in zauna da su, mi ya rage mani?" Ya naɗe igiyar ya ajiye. "In na aike ka Jelani ba shi yarda, ya san bakinka. Mu tahi tare."

Matarsa ta fito tana roƙonsa da Fillanci kada ya bi hanyar nan. Ban ji duka ba amma na gane. Ya ce mata yana son ya ga kabarin yaron. Sai da muka jira motoci suka sake haɗuwa, hakan ya ci mana lokaci, ga Juma'a na matsowa. Ranar Alhamis muka kamo hanya. A Kaura ban ko kalli kasuwa ba. Muna shiga Tungar Marke da la'asar na hango rumfata daga nesa, tana tsaye, kore shar. Na ce alhamdulillahi da ƙarfi har Baffa Lado ya dube ni.

Kai tsaye ƙofar mai gari muka nufa. Da mutane suka ga Baffa Lado sai kowa ya miƙe. Ya faɗi abin da ya faɗa min, bai ƙara ba bai rage ba. Mai gari ya dubi Jelani. Jelani ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, tunda kai ka ce, an jira har a girbe." Amma ya faɗe ta wani iri, yana satar kallona, sauran mutane ma suna kallona. Na ɗauka kunyar zagin da na yi ce. Har na miƙa masa hannu na ce ya yafe ni.

Ya riƙe hannuna ya ce, "Mu'awiya, ka biya gida tukuna?"

Tun daga zaure na ji muryar Yaya Sufyanu yana ba da umarni. Ya fito da gudunsa, rigarsa duk ɗanyen ganye, wuƙa a hannu, fuskarsa cike da murna. Ashe labari ya same shi a kasuwa cewa za a sare gonar ƙaninsa ranar Juma'a, kuma ƙanin ya bar gari ba a san ranar dawowarsa ba. Ya rufe rumfarsa ta kasuwa, ya kamo hanya duk da haɗarinta, ya zo.

"Kwantar da hankalinka, ƙanena," ya ce, yana jan hannuna. "Ko ƙwaya ba su samu. Zo ka gani."

Ya tura ƙofar ɗakina. An fitar da gado an jingine a waje. Tun daga bango har bakin ƙofa an shimfiɗa tattaka, wato busasshiyar ciyawa, an jera inabina a kai, curi bayan curi, an rufe da buhuna, an sake jera wani a sama. Duka. Ya tara matan gida da maƙwabta, tun jiya suke yanka. Kuma wallahi an yi aikin da kyau, ba wanda ya fashe, ko ni iyakar abin da zan yi ke nan.

"Na toshe taga, na sa ayaba nunanna a kusurwa don ta ja shi," in ji Yaya. "Haka nika nuka mangwaro tun kana tsumma. Kwana kaɗan za ka ga ya yi zaƙi awa zuma. Su zo su sare itacensu."

Inabi ba ya nuna a ɗaki. Ba mangwaro ba ne, ba ayaba ba ce, ba tumatir ba ne. Zaƙinsa daga jikin uwar yake zuwa, ranar da ka yanke shi a ranar ya tsaya. In ka yanke shi da tsami, da tsaminsa zai ruɓe, ko shekara ka rufe shi. Duk wanda ya yi aikin inabi ya san wannan, amma a Tungar Marke ni kaɗai na taɓa yi.

Na juya na ga Asiya a bakin madafa, ta rufe baki da gefen zane, idonta ya kumbura. Ban tambaye ta ba. Matar ƙani ba ta tare wan miji da wuƙa a hannunsa, ya ce ceto ya zo yi.

Ku da kuka san ni, kun san abin da ya kamata ya biyo baya. Na ji shi ya taso tun daga cikina, zagin da zai tashi unguwa. Sai idona ya faɗa kan hannun Yaya. Duk ya yayyanke, ya ɗaure babban yatsa da tsumma, jini ya ɓullo. Tsoho ne fa yanzu, gemunsa ya yi fari, ya yi wuni biyu a duƙe a ƙarƙashin rumfa inda aka kashe mutum, saboda ni. Yana kallona yana jiran in ce madalla.

"Sannu da aiki, Yaya," na ce. Ban san muryar wa ce ta fito ba.

Baffa Lado ya biyo ni ashe, yana tsaye a bayana. Ya duƙa ya ɗaga buhu, ya tsinki ƙwaya ɗaya ya sa a baki. Na ga yadda muƙamuƙinsa ya tsaya. Ya haɗiye, ya dube ni, na kau da kai. Ya saɓa sandarsa ya fita ya nufi maƙabarta.

Na bi bayansa zuwa zaure don in sami iska, na tarar da Jelani a tsaye. Ya cire hula yana murzawa.

"Na so in hana," ya ce, "amma wanka ne, kuma gonarku ce. Mu'awiya, ba don mugunta ba. Baffa ya ce a jira a girbe. To ga shi an girbe. Mi za mu ce ma mutane muna jira?"

Na nemi abin da zan ce a jira. Ganye? Na roƙe su makonni don 'ya'ya, na ɗauko dattijo mai makoki na bi da shi ta bakin mutuwa don 'ya'ya, yanzu babu ko ɗaya a sama. Na ce masa su zo goben.

Aka sauko daga masallaci aka zo da gatura. Ban ɓuya a ɗaki ba, na je na tsaya. Na kwance wayoyin da kaina don kada su ji wa wani. Kurangar inabin da na yi shekara huɗu ina lallashi, sara biyu take faɗuwa. Kafin la'asar an hango rafi tun daga tudu, har da hanyar da suka bi da shanun. Yaya yana gefena, ya dafa kafaɗata yana cewa in yi haƙuri, ai mun tsira da mai muhimmancin. Na ce haka ne. Baffa Lado bai zo wurin ba, da safe ya bi wata mota ya koma Jangeru, bai tafi da komai ba.

Yaya ya ƙi komawa Kaura. Ya ce sai ya ga ƙarshen aikinsa, shi zai kai kasuwa da kansa, ya san masu saye. Kowace safiya bayan ya sha koko sai ya shiga ɗakin, ya ɗaga buhu, ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya fito ya ce, "Saura kaɗan." Ya ƙaro ayaba. Ya ƙaro buhuna. Ya sa aka toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ni kuwa in na ji motsinsa sai in ɗauki fartanya in tafi taya su haƙar rami, a cikin gonata, don ba zan iya tsayawa in ji wannan saura kaɗan ɗin ba. Asiya ta daina haɗa ido da kowa. Mun koma kwana a rumfar tsakar gida, mu da yara.

Sannu a hankali ƙwayoyin suka fara yanƙwanewa. Na ƙasa suka fara tsiyaya. Wani wari mai tsami ya fara fitowa ta ƙasan ƙofa, ƙananan ƙudaje suka taru a jikin taga.

Wata safiya ya shiga bai fito ba. Na jira, na jira, sai na bi shi. Na same shi tsaye a tsakiyar ɗakin, ya yaye buhunan duka. Funfuna ta kama rabin jerin, ruwa ya jiƙa tattakar har ya bi ƙasa. Yana riƙe da curi ɗaya, yana ta zubewa ta tsakanin yatsunsa.

"Mu'awiya," ya ce, bai juyo ba. "Don girman Allah hwaɗa mani gaskiya. Abin ga shina nuna a ɗaki?"

Na so in yi ƙarya. Na so in ce zafi ne ya yi yawa, ko iri ne mara kyau. Amma ya haɗa ni da Allah.

"Ba shi nuna, Yaya."

"Ko an jira?"

"Ko an jira. Sai bisa uwatai."

"Da na bar shi hwa?"

"Baffa Lado ya sa sun yarda a jira."

Sai ya zauna daɓas a cikin ruwan, da farar rigarsa. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da muka binne mahaifinmu, ya buɗe baki yana kuka kamar yaro.

"Ta hwaɗa mani," yake cewa. "Yarinyar ga ta ce ka ce kada a taɓa. Har ta riƙe mani kwando. Na ce mata mi ta sani."

Na tsuguna a gabansa. Zuciyata na tafasa, na rasa wa zan zaga, ba kowa a ɗakin sai wana. Na kama hannunsa mai tsumman nan na cire ruɓaɓɓen curin na yar. Na ce ya tashi, rigarsa na ɓaci. Bai tashi ba.

Na leƙa waje na ce wa Asiya ta kawo kwanduna, ta kuma fara ɗaure kayan yara, sai makarantun Kaura. Muka fara kwashewa muna kaiwa bayan gari, ni da ita, shi yana zaune a inda yake.